Kuɗin binciken kwantam: Tiriyeste, Jamus, Faransa ko babbar tukunyar Turai?

A hutun da ya wuce mutum biyu suka zo mini da tambaya ɗaya a nan Marwa, alhali ba su san juna ba. Ta farko ɗalibata ce da ta gama masta a fizik, tana son yin digirin dakta a kimiyyar bayanai ta kwantam. Na biyu ƙanin wani aminina ne, ya kare tez ɗinsa, wato kundin digirin dakta, shekara biyu da suka wuce, yana koyarwa a Njamena. Ya tsallako gadar Ngeli zuwa Kusiri, ya shiga mota takanas don mu zauna. Bayan gaisuwa da shan ruwa ya ce, "Yaya, ko'ina na duba sai in ga ana maganar biliyoyin kuɗin kwantam. Wace ƙofa ce tamu?" Ita ma ɗalibar tawa kusan haka ta faɗa, sai dai ita ta riga ta buga takardun wani shirin Tarayyar Turai ta riƙo a hannu.

Amsar da na ba su ba iri ɗaya ba ce, amma tushenta ɗaya: girman kuɗi ba shi ne abin dubawa na farko ba. A fara tambaya, wa aka yarda ya nema, hannun wa kuɗin zai shiga, kuma in ya ƙare me zai rage maka a gida.

Kafin kuɗi, sai an san irin aikin. Kwamfutar da muka sani tana aiki da sifili ko ɗaya. Ta kwantam tana aiki da kiyubit, wanda kan iya zama cikin haɗakar halayen biyu har sai an auna shi. Tun 1984 Bennett da Brassard suka nuna yadda za a raba mabuɗin sirri da ƙwayoyin haske ta yadda duk mai leƙe zai bar sawu. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa babbar kwamfutar kwantam za ta iya karya irin makullin da bankuna suke dogaro da shi. Daga nan gwamnatoci suka farka, kuma daga nan ne fannin ya zama na tsaro kamar yadda yake na ilimi. Wannan batu na tsaro shi ne zai yi ta biyo mu a duk ƙofar da muka taɓa.

Aikin ya rabu biyu. Akwai na ɗakin gwaji, akwai na alli da allo da kwamfuta. Kiyubit irin na IBM da Google sai an sanyaya shi har kusan awo 273 a ƙarƙashin sifili, cikin wani firiji na musamman da ba a kashe shi dare da rana. Mu kuwa wutar arewa mafi yawanta daga madatsar Lagdo take zuwa, kuma kowa ya san yadda ake rabonta in bazara ta yi ruwa ya ja baya. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage zafin abin, amma ba su kai a jingina irin wannan na'ura da su ba. Saboda haka wanda ke zaune a Garwa ko Gaundare ko Njamena, hajarsa a wannan kasuwa ita ce kansa: lissafi, tsara algoridim (matakan lissafin da kwamfuta ke bi), kwaikwayon gwaji a kwamfuta, nazarin yadda hayaniyar muhalli ke lalata kiyubit. Na'ura kuwa ta abokin aiki ce a waje, ko wadda ake shiga ta intanet. IBM na ba da kusan minti goma kyauta a wata a kan na'urorinsa na gaske, ana rubuta aikin da manhajar Qiskit, kuma wannan ya isa ɗalibi ya fara. Kuɗin da muke bukata ke nan ba na sayen ƙarfe ba ne. Na tafiya ne, da zama kusa da gwanaye, da samun sarari daga yawan awoyin koyarwa.

Mu fara da babbar tukunya, tunda ita ce ke jan ido. A watan Oktoban 2018 Tarayyar Turai ta ƙaddamar da babban shirinta na fasahar kwantam, na yuro biliyan ɗaya a shekara goma. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, wannan ya kai kusan sefa biliyan 656. A Disambar shekarar Amurka ta sa hannu a dokarta ta kwantam mai kimanin dala biliyan 1.2 a shekara biyar. A Janairun 2021 Macron ya sanar da na Faransa, yuro biliyan 1.8. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

A ƙarƙashin Horizon Europe, wato tsarin binciken Turai na 2021 zuwa 2027, Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashen da aka yarda a biya jami'o'insu kai tsaye in sun shiga aiki. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne ya burge ɗalibata. Sai dai ba kai kake nema ba. Dole a sami aƙalla cibiyoyi uku daga ƙasashe uku na Tarayyar ko ƙawayenta na yarjejeniya, kai sai dai ka zo na huɗu ko na goma, in wani ya tuna da kai ya gayyace ka. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, yawancin kiran neman tallafi da ya shafi kwamfutar kwantam da sadarwarta an kewaye shi da shinge, an ce na 'yan gida ne kawai. A 2021 har Birtaniya da Suwizalan da Isra'ila sai da aka yi ta ja-in-ja a kan ko za a bar su su shiga. In waɗannan sun tsaya a bakin ƙofa ana muhawara a kansu, to mu kada mu ɓata watanni muna cika dosiyen da sakin layi ɗaya ya riga ya fitar da mu. Duk wanda ya ga kira, ya fara karanta sashen waɗanda suka cancanta kafin ya karanta adadin kuɗin.

A cikin tsarin na Turai akwai taga guda da nake ganin darajarta, wato shirye-shiryen Marie Skłodowska-Curie. Tallafinsu na bayan dakta ba ya tambayar ƙasarka. Kana bukatar digirin a hannu, kada ƙwarewarka ta bincike bayansa ta wuce shekara takwas, sannan ka sami cibiyar da za ta karɓe ka shekara ɗaya zuwa biyu. Albashin mai kyau ne, sunan kuma yana buɗe ƙofofi. Amma gasar da zafi, kana karawa da waɗanda suka tashi a manyan ɗakunan gwaji na duniya, kuma ba a tsara shi don ya dawo da kai gida ba.

Ta ɓangaren Amurka maganar gajera ce. Kuɗin hukumominta na bincike yawanci jami'o'in can ake ba, kai sai ka shiga a matsayin ɗalibi ko baƙo. A Satumbar 2024 ta ƙara tsaurara dokar fitar da fasahar kwantam. Sannan a Yunin 2025 aka sa Chadi cikin ƙasashe goma sha biyu da aka hana 'yan ƙasarsu shiga, har da masu bizar karatu. Na ce wa ƙanin nawa ya ajiye wannan hanya tukuna, kada ya gina shirin shekara uku a kan biza.

Yanzu ga inda zuciyata take, kuma ba zan ɓoye ba. A garin Tiriyeste na Italiya akwai cibiyar nazarin fizik ta ICTP, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964. Mutumin Pakistan ne, ya ci kyautar Nobel a 1979, kuma ya san ciwon da muke ji, domin shi kansa sai da ya bar ƙasarsa saboda kaɗaicin bincike ya ishe shi. Ya gina cibiyar ne don kada masanin ƙasa matalauciya ya zama dole ya zaɓi tsakanin iliminsa da gidansa. Duk shirye-shiryenta a kan wannan tunani suke tafiya, shi ya sa suka dace da mu fiye da na kowa.

Ga wanda bai fara dakta ba, akwai difilomarta ta shekara guda, da cikakken tallafi, kuma reshen fizik na daskararrun abubuwa shi ne ya fi kusa da harkar kiyubit. Shekara ce mai wuya, da Ingilishi ake komai, amma wanda ya fito daga cikinta ya kan sami wurin dakta ba tare da roƙo ba. Ga wanda ya riga ya yi rajistar dakta a jami'ar gida, akwai shirin STEP: malaminka na gida yana nan, ana haɗa ka da malami na biyu a can, ka riƙa zuwa 'yan watanni kowace shekara har shekara uku, digirin kuma jami'arka ce za ta ba ka. Ga malamin jami'a mai aiki a hannu, akwai tsarin abokan cibiya, inda ake ɗaukar mutum na shekara shida yana kai ziyara har sau uku, ana biyan jirgi da masauki, ya koma ajinsa.

Kuɗin nan ba shi da yawa. Ba za ka gina gida da shi ba, ba za ka ɗauki ma'aikata ba. Amfaninsa yana cikin maimaituwar zuwa. Zumunta a ƙafa take, kuma haɗin gwiwar bincike zumunta ce: wanda ya gan ka bana, ya sake ganinka baɗi kun gama takarda tare, shi ne zai tuna da sunanka ranar da ake haɗa waccan babbar ƙungiya ta Turai. Ban taɓa ganin wanda aka gayyata cikin babban aiki don ya aika wasiƙa ɗaya daga nesa ba. Wani abin kuma, aikin cibiyar na nazari ne da ake bugawa a fili, don haka shingen tsaro bai cika tare hanya ba. Ga 'yan Kamaru ma hanyar ba baƙuwa ba ce, cibiyar CEPAMOQ ta jami'ar Duwala, mai aiki a kan fizik na atom da hasken kwantam, ta daɗe da alaƙa da Tiriyeste. Akwai kuma reshen ICTP a Kigali, cikin jami'ar Ruwanda, da aka buɗe a 2018.

A harabar guda akwai TWAS, makarantar masana ta ƙasashe masu tasowa, ita ma Salam ne ya kafa ta a 1983. Kamaru da Chadi duk suna cikin jerin ƙasashen da take fifitawa. Tana da ƙananan tallafi na kayan aiki da ake kashewa a gida, amma abin da na fi nuna wa ƙanina shi ne ziyarar da take shiryawa tare da hukumar binciken Jamus, DFG. Wata uku ne kacal, ga matashin da bai daɗe da gama dakta ba kuma yana da aiki a wata cibiya ta Afirka kudu da Sahara. Sharaɗin shi ne wani farfesa a Jamus ya gayyace ka. Manufar a fili take: ku zauna ku ga ko za ku iya rubuta babban aiki tare. Wata uku yana shiga cikin dogon hutu, ba sai ka yi rigima da shugaban sashe a kan wa zai riƙe maka aji ba, iyali ma ba su daɗe ba su gan ka ba.

In wannan ziyara ta yi kyau, mataki na gaba shi ne gidauniyar Humboldt. Tallafinta mai sunan Georg Forster na masanan ƙasashe masu tasowa ne: wata 6 zuwa 24 ga wanda bai wuce shekara huɗu da dakta ba, wata 6 zuwa 18 ga babba, shi kuma yana iya raba zaman kashi uku. Ana ba da kuɗin iyali, ana koya maka Jamusanci, akwai tallafin komawa gida, kuma gidauniyar ba ta sakin mutumin da ta taɓa ɗauka. A nan ta fi tallafin Marie Curie a wurina, ko da kuwa na Turan ya fi tsoka.

Sai dai Georg Forster yana da tambaya ɗaya da ke kayar da masu nazarin kwantam: me aikinka zai yi wa ci gaban ƙasarka? Ina roƙon matasanmu kada su rubuta cewa kwamfutar kwantam za ta kawar da yunwa a Sahel. Masu dubawa masana ne, za su gane. Akwai amsoshi na gaskiya. A Agustan 2024 NIST, hukumar tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka, ta fitar da sababbin ƙa'idojin makullin sirri da aka tsara don su jure wa kwamfutar kwantam, kuma duk tsarin da ke ɗauke da kuɗin jama'a, daga bankuna zuwa Orange Money da MTN MoMo da Airtel Money da 'yan kasuwarmu ke rayuwa a kai, wata rana sai ya sauya makulli. Wa zai fahimci sauyin a nan in ba mu horar da kowa ba? Akwai kuma ma'aunin nauyin ƙasa mai aiki da sanyayyun atom, wanda aka riga aka girka a dutsen Etna na Italiya. Irinsa yana iya jin sauyin ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma wanda ya tashi a yankin tafkin Chadi ba sai an yi masa bayanin darajar wannan ba. In aikinka tsantsar nazari ne da ba ya jingina da ko ɗaya, to nemi tallafin Humboldt na gama-gari, wanda ba ya wannan tambaya.

Faransa fa? Ita ce ta fi sauƙi a harshe, kuma tsarin kotutel, inda jami'a biyu ke kula da tez ɗaya su ba da digiri tare, yana da kyau ƙwarai in an samu. Ƙasa ce mai ƙarfi a fannin: Alain Aspect ya ci Nobel a 2022, ga kamfanoni irin su Pasqal da Quandela da Alice & Bob. Abu biyu nake so a sani. Tallafin Eiffel, wato na karatu da gwamnatin Faransa ke bayarwa, ba ɗalibi ke nema da kansa ba, makarantar Faransa ce ke miƙa sunansa, don haka sai ka fara samun malamin da ya yarda da kai. Na biyu, ɗakunan bincike da yawa a wannan fanni suna cikin wuraren da aka taƙaita shigarsu, sai jami'in tsaro na ma'aikata ya amince, ana iya ɗaukar watanni, ana kuma iya ƙi ba tare da bayani ba. Tambayi malamin tun a wasiƙar farko ko ɗakinsa yana ciki. Sannan sauƙin Faransanci kada ya ruɗe mu: takardun fannin nan da Ingilishi ake rubuta su ko a Paris.

Sin tana da tallafin ANSO na masta da dakta, har a jami'ar USTC ta Hefei, gidan ƙungiyar Pan Jianwei da ta harba Micius, tauraron ɗan adam na gwajin sadarwar kwantam, a 2016. Wurin koyon gwaji ne na sahun gaba, amma tafiya ce ta shekaru a jere ba dawowa, kuma wanda ya yi dakta a can a wannan fanni zai iya fuskantar ƙarin tambayoyi in ya nemi shiga ɗakunan gwajin Yamma daga baya. A sani kafin a zaɓa.

Ban so a raina na cikin nahiyarmu. Afirka ta Kudu ta yi nisa: jami'ar Wits ta haɗa kai da IBM tun 2019, kuma a 2025 aka buga sakamakon raba mabuɗin kwantam ta tauraron ɗan adam tsakanin Stellenbosch da Sin, tazarar kilomita 12,900. A gida kuma ga cibiyar AIMS ta Limbe tun 2013, masta ta kusan shekara guda a kimiyyar lissafi, ci da kwana da karatu duk kyauta, cikin Ingilishi, malamai na zuwa daga ko'ina su yi makonni suna kwana kusa da ɗalibai. Ga mata akwai ƙungiyar OWSD, mai tallafin dakta ga 'yan ƙasashe irin namu a wata ƙasa mai tasowa. Akwai shirin ARISE na Makarantar Kimiyya ta Afirka da Tarayyar Afirka da ta Turai, wanda ya ba matasan shugabannin bincike har yuro 500,000 a shekara biyar, kusan sefa miliyan 328, a kashe a jami'ar Afirka. Wannan shi ne irin kuɗin da ke gina ƙungiya a gida, amma ba kowace shekara ake buɗe shi ba, kuma wanda ya riga ya tara takardu da abokan waje shi ke ci.

A nan ne bambancin hannun da kuɗi ke shiga yake fitowa. Tallafin ICTP da na Humboldt da ziyarar DFG mutum ake ba, tikiti da kuɗin zama su iso gare ka. Na ARISE da na Horizon asusun jami'a suke shiga, tare da rahoton kuɗi, da rasit na kowane abu, da takardun da dokar musayar kuɗi ta yankinmu ke nema. Na ɗanɗana wannan a wata makaranta da na taɓa koyarwa. Mun sami ɗan tallafi don mu gayyato baƙo ya koyar mako biyu. Baƙo ya iso, ya gama, ya tafi, kuɗin yana kwance a wani ofishi yana jiran sa hannu. Karo-karo muka yi da abokan aiki muka biya masaukinsa, kuma rahoton da muka makara da shi ya sa ba a sabunta mana ba. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin ɗalibai ne suka yi asara. Duk mai neman kuɗin da zai bi ta jami'a, ya je ya zauna da akawun kuɗi tun kafin ya miƙa dosiye, ya ji ko sun taɓa riƙe kuɗin waje da yadda suka yi.

Ga abin da na ce wa ɗalibata. "'Yata, ajiye takardun Turan nan, lokacinsu bai yi ba. Ki nemi difilomar Tiriyeste da AIMS a shekara ɗaya, duk wadda ta amsa ki tafi. In iyayenki ba su saki jiki da doguwar tafiya ba, yi rajistar dakta a gida mu nemi STEP, watanni kaɗan ne ki dawo." Ta ce, "Malam, Ingilishina fa?" Na ce ta fara yau, awa ɗaya kullum, kuma ta gudanar da ƙaramin aiki ɗaya a na'urar IBM ta rubuta sakamakon a shafi uku da Ingilishi, domin shi za mu liƙa a dosiyen.

Ƙanina kuwa na ce masa ya nemi ziyarar wata uku ta Jamus da zama abokin ICTP tare, Georg Forster ya biyo baya in an sami takarda ɗaya ta haɗin gwiwa, ARISE kuma sai ya tara ɗalibai biyu ko uku. Duk waɗannan mai masauki suke bukata, don haka a daren muka zauna muka zaɓi masana uku da ya riga ya ambaci aikinsu a tez ɗinsa. Muka rubuta wa kowannensu wasiƙa dabam, gajera: ga takardarka da na karanta, ga inda lissafina ya kai a kanta, ga tambayar da nake ganin ba a amsa ba, ga shirin da zai biya zuwana ba tare da ka kashe ko sisi ba. Wuta ta ɗauke muna tsakiyar ta biyu, muka ƙarasa da hasken waya. Da asuba ya kama hanyar Kusiri, ya ce zai tura su daga ofis ranar Litinin, da adireshin jami'a.